Wasiƙa zuwa ga Edita: Wa ke gwada bindigar da ke hannun maharba da 'yan banga?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan wani abu da kowa ke gani amma ba a cika ɗaga shi ba, wato ingancin bindigogin da ke hannun maharbanmu da 'yan banga da 'yan bindigar hawan sallah a nan jihar Bauchi. Tun farko bari in faɗa kar wani ya juya min zance, ni ba kira nake a raba wa mutane makamai ba, kuma ba zan koya wa kowa yadda ake ƙera komai ba. Ni mutumin ƙarfe ne, na tsufa a kan injin sassaƙa ƙarfe da awo, gidanmu kuma akwai maharba, to abin da idona ya sani shi zan faɗa.

Musun da ake yi a majalisa kullum iri biyu ne. Wani ya ce ai ta waje ita ce bindiga, ta maƙeri tarkace ce. Wani kuma ya ce tsadar ta Turawa suna ne kawai da fenti, ƙarfe ai ƙarfe ne. Dukkansu biyu a wurina sun kauce. Na waje ma suna fitar da kaya mai aibi, har manyan kamfanoni masu suna, kuma akwai maƙeran da hannunsu ya fi na wasu injina. Kuɗin da kake ƙarawa a kan kaya mai tsada, yawancinsa ba kuɗin ƙarfe ba ne, kuɗin mutumin da aka ajiye ne aikinsa kawai ya duba ya ce wannan bai yi ba a zubar, da kuɗin waɗanda aka zubar ɗin, da kuɗin littafin da aka rubuta lambar kowanne a ciki. Mai araha shi ma sau da yawa injin iri ɗaya ne ya yanka shi, amma wanda ya kamata a jefa a bola sai a sa shi a kwali a tura kasuwa.

Bari in ba da misali da abin da ya faru a Amurka, tunda su ake ɗauka ba sa kuskure. Bindigar sojansu ta lokacin yaƙin duniya na farko, Springfield 1903, a ma'aikatar gwamnati ake yin ta ba a bayan gida ba. Sai aka riƙa samun wasu suna tarwatsewa a hannun sojoji, uwar jikin bindigar da ke riƙe harsashi ta fashe kamar tangaran. Da aka bi diddigi sai aka gano masu gasa ƙarfen da ido suke auna zafin wuta, su kalli launin ƙarfe su ce ya yi. To ranar da rana ta buɗe hasken ya cika ɗakin, jan ƙarfen ba ya fitowa sosai a ido, sai su ƙara masa wuta har ya wuce misali ya ƙone, ranar da aka yi hadari kuma ya fita daidai. Ƙwararru ne fa, sun shekara suna aikin. Sai da aka kawo na'urar auna zafi aka canza hanyar gashin a 1918, kuma har yau masu harkar suna gargaɗin kar a harba duk wadda lambarta ke ƙasa da 800,000 cikin na ma'aikatar Springfield. Ka ga abu biyu a nan Malam Edita. Na farko idon gwani ma yana yaudararsa. Na biyu saboda kowace bindiga tana da lamba kuma an rubuta, an iya cewa daga nan zuwa nan su ne masu matsala. Yanzu ka je maƙera ka tsaya ka ga yadda ake aiki, gawayi da zuga-zugi da ido, shi ne dai wancan hanyar da ta ci amanar Amurkawa, kuma mu babu lamba babu littafi.

Kwanaki wani yaro ɗan ƙanwar abokina, cikin masu sintiri ne a wani ƙauye ta wajen Alkaleri, aka kawo min abin da ya rage na adakarsa bayan ta fashe masa, shi yana asibiti hannun hagu a naɗe an rasa yatsu. Mutanen garin har sun gama yanke hukunci, wai wanda ya harba yana da maganin bindiga ne shi ya sa ta dawo masa. Na ce a ba ni ƙarfen. Da na goge na kai shi hasken rana, bututun ya tsage a tsaye ne tiryan-tiryan kamar an ja layi da rula, wanda duk mai aikin ƙarfe ya san ma'anarsa, bututu ne mai ɗinki, irin falan ƙarfen da ake naɗewa a bi da walda, na ruwa ko na kujera, ba a yi shi dan ya ɗauki irin wannan bugun ba. Sannan a bakin karayar launi biyu ne, gefe ɗaya fari tas yana ƙyalli wato sabon karaya na ranar, ɗayan gefen kuma baƙi da tsatsa har ya shiga ciki, wato tsagar ta daɗe a wurin tana ci a hankali duk harbi tana ƙara tsawo, ranar nan ne kawai ragowar naman ya kasa riƙewa. Daga waje kuwa an shafe ta da baƙin fenti an naɗa fata da layu, kyakkyawa da ita wallahi. Na nuna wa kawun yaron na ce Alhaji duba nan, wannan tsatsar ta girmi fitar da suka yi daren nan. Ya yi shiru ya ce to ai shi da ya saya bai gani ba. Gaskiyarsa ne, ba yadda za a yi ya gani, kuma shi ma wanda ya ƙera ɗin ina kyautata zaton bai gani ba.

Ni ban zo musun asiri da kowa ba, kowa da abin da ya yarda da shi, amma duk lokacin da muka ɗora wa asiri laifin ƙarfe to mun wanke wanda ya sayar, kuma gobe zai sayar wa wani.

To su can me suke yi da mu ba ma yi? A Ingila akwai gidan gwajin bindiga a Landan tun 1637, aka buɗe na Birmingham a 1813, kuma doka ce, laifi ne ka sayar da bindigar da ba ta bi ta gidan gwaji an buga mata hatimi ba. A garin Liège na Beljiyam ma haka, kuma a can ne a 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa da ake kira CIP wadda yanzu ƙasashe 14 ke ciki, kowacce ta yarda da hatimin 'yar'uwarta. Yadda suke yi ba wani sihiri ba ne. Za a ɗaure bindigar a wani ɗaki mai kauri ba kowa a ciki, a harba ta da harsashin gwaji wanda ƙarfinsa ya ɗara na kullum da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, sannan a fito da ita a sake aunawa a duba ko ta kumbura ko ta tsage. In ta tsira a buga mata hatimi a jikin ƙarfen, in ta fashe ta fashe a ɗaki ba a fuskar mutum ba. Kowace ɗaya ake yi wa, ba wai a zaɓi ɗaya a cikin ɗari ba. Abin haushin ma shi ne garuruwan nan biyu, Birmingham da Liège, su ne suka yi ta ƙera bindigogin fatauci masu araha da aka riƙa jibgewa a Afirka ta Yamma zamanin kakanninmu, waɗanda maƙeranmu suka gani suka kwaikwaya. Mun ɗauko siffar mun bar gwajin a can.

Amurka ita ba ta cikin waccan hukumar, su ƙungiyar masu masana'anta ce ta tsara musu ƙa'ida tun 1926 kuma bi na ganin dama ne, shi ya sa a kasuwarsu bambancin mai tsada da mai araha ya fi fitowa fili. Ɗauki ƙarfen da ke kulle bayan harsashi lokacin da ya tashi, shi ne ke shan duk wahalar. Kamfanin da ke ji da kansa zai gwada kowane ɗaya da harsashi mai ƙarfi, sannan ya sa shi a maganaɗisu ya zuba masa wani ruwa mai garin ƙarfe a ciki, duk inda tsaga take komai ƙanƙantarta garin zai taru a wurin ya ja layi, a haska da fitila ta musamman a gani ɓaro-ɓaro. Mai araha zai ɗebi kaɗan daga cikin tulin ya gwada, in sun wuce ya ce duka sun wuce. Wani ma ba zai gwada ko ɗaya ba amma zai buga harufan gwajin a jiki, tunda buga harafi ba ya cin kuɗi. In ka ajiye su ukun a tebur ko ni da na tsufa a aikin ba zan bambance ba da ido. Haka maganar awo. Ramin da harsashi ke zama a ciki, tazarar da ke tsakanin daidai da haɗari ba ta fi kaurin takarda ba, akwai ma'auni biyu da ake sakawa, ɗaya dole ya shiga ɗaya dole ya ƙi shiga, in wanda ya kamata ya ƙi ya shiga to wannan ta tafi bola. Kuma bakin injin da ke yanka ƙarfe yana cinyewa, na farkon da ya yanka da na dubu ba ɗaya ba ne, mai neman riba da yawa sai ya ƙi canza baki a kan lokaci. Mu da muka yi aikin mun san wannan jarabar, oga na tsaye a kanka yana cewa a fitar da kaya yau.

Duk mai babur a garin nan ya san zancen, ka je Muda Lawal ko Wunti neman takalmin birki a ce maka akwai orijina akwai mai bi masa akwai na talaka, kwali iri ɗaya, sai ka gangaro tudu za ka san wanda ka saya.

Amma kar masu cewa ta waje ita ce bindiga su yi murna, tsada ba ta hana aibi. Kamfanin Remington na Amurka, bindigarsa ta farauta Model 700 tana cikin waɗanda suka fi kasuwa a duniya tun 1962, miliyoyi aka sayar. A watan Afrilun 2014 kamfanin da kansa ya fito ya ce duk mai Model 700 ko Model Seven da aka ƙera tsakanin 1 ga Mayun 2006 da 9 ga Afrilun 2014 mai wani samfurin kunama ya daina amfani da ita ya dawo da ita, saboda wajen haɗawa an zuba gam ya yi yawa a cikin kunamar, abin da zai iya sa ta tashi ba a taɓa ta ba. Gam fa, ɗigo ɗaya da ya wuce kima, shekara takwas ana fitar da kaya a haka. Kafin wannan ma sun sha shari'a kan tsohuwar kunamar, kamfanin ya dage cewa lafiyarta lau, masu ƙara suka ce tana tashi da kanta, har dai aka yi sulhu suka yarda za su canza wa mutane. Sojan Amurka ma da aka ba su bindigar M16 a yaƙin Biyetnam ta riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa, kwamitin majalisarsu ya bincika a 1967 ya gano an canza albarushin harsashin ba tare da an gwada yadda ya kamata ba, ba a yi wa ramin harsashin rufin da ke hana tsatsa ba, kuma ba a raba wa sojoji isassun kayan gogewa ba. To ka ga su ma suna tafkawa. Abin da suka fi mu shi ne in an tafka akwai ranar da aka ƙera, akwai lamba, akwai wanda za a kama, akwai adireshin da za ka mayar. Yaron Alkaleri wa zai mayar wa?

Kuma ba adaka kaɗai ba. Yanzu abin da ke shigowa hannun mutane har da bindigogin waje masu cin harsashin kwanso, waɗanda kowa ke ɗauka tunda daga jirgi suka sauko shikenan gangariya ne. A watan Janairun 2017 kwastam sun kama guda 661 a Legas, a watan Satumba na shekarar suka kama wasu 1,100 a tashar Tin Can, wannan wanda aka kama ke nan. Kayan da aka ɓoye a kwantena a ƙarƙashin wasu kaya wane ne ya duba takardar gwajinsa? Mai fasa-ƙwauri ba ya neman mai inganci, mai araha yake nema wanda zai ninka kuɗinsa, kuma ya san ba wanda zai dawo masa da ƙorafi tunda mai sayen ma a ɓoye ya saya. Sannan in wani abu ya karye a ciki, sifirin ko allurar da ke dukan harsashi, ba shagon da za ka je ka sayi nata na asali, sai a kai wa mai gyara ya sassaƙa wani daga duk ƙarfen da ya samu, ya yi laushi ya lanƙwashe ko ya yi tauri da yawa ya karye, wani lokacin kuma ya maƙale a waje bindiga ta tashi ana cikin rufe ta. Mutum na ganin yana riƙe da ta Turawa alhali cikinta ya zama gauraye.

Wani abin da ke kashe mutane kuma, wanda ya kamata sarakunan baka su yi ta nanatawa, shi ne farke harsashin zamani a juye garinsa a cikin adaka wai dan ta ƙara ƙarfi. Garin zamani da baƙin albarushi ba ɗaya ba ne ko kusa, ko adakar da aka ƙera a masana'antar Turai an rubuta a jikinta kar a kuskura a yi haka, balle tamu. Haka wanda zai faɗi a daji bakin bindiga ya cika da laka ya tashi ya harba bai duba ba, wannan ko wadda ta fi kowacce tsada a duniya sai ta buɗe. A wajen hawan sallah ma ina kallon samarin nan 'yan bindiga suna gasar wa zai fi ƙara, ana ta ƙara ɗure, jama'a kuma mata da yara sun yi cincirindo a gefe, gabana faɗuwa yake.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce ƙasar da ke fama da 'yan bindiga da masu garkuwa, ana neman yadda za a rage makamai kai kuma kana neman a gyara su, in gwamnati ta buga wa bindigar maƙeri hatimi ai ta halasta ta ke nan. Amsata ita ce dokar makamai ta 1959 da muke amfani da ita har yau ta riga ta raba su gida uku, akwai waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai irin na farauta da ke hannun sufeto janar na 'yan sanda, adaka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma dokar ta ba da damar a ba mutum izinin ƙera adaka da gyaranta in gwamna ya amince. Wato ba sabon abu nake kawowa ba. Sannan mu daina yaudarar kanmu, mutanen nan hukuma ta san da su, da su ake shiga dazukan Alkaleri da Ningi da Toro da Lame-Burra, ana ba su babura ana ba su alawus ana yabonsu a rediyo. In ka yarda mutum ya tsaya gabanka da bindiga da dare to ka yarda da bindigar, saura ka san ko za ta tashi ta gaba ko ta baya. Kuma wanda ya kawo tasa gwaji dole a buga mata lamba a rubuta sunansa da garinsa da wanda ya ƙera, ka ga hukuma ta samu rajistar da take ta nema ba ta samu ba. Ɗan ta'adda ba zai kawo tasa ba, dama ba dan shi ake yi ba.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne na biliyoyi. Rundunar 'yan sanda tana da masu kula da ma'ajiyar makamai da suka san aikin, barikin soja na nan a cikin gari, DICON na Kaduna tun 1964 ake ƙera makamai a can suna da masu gwaji, ga jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya duk suna da sashen injiniyan ƙarfe da ɗalibai masu neman aikin gwaji. A haɗa su da sarakunan baka da sarakunan maƙera, kafin a shiga farautar rani da kuma kafin sallah a sa rana a kowace masarauta, irin su Bauchi da Katagum da Misau da Jama'are da Ningi da Dass, duk mai rajista ya kawo tasa a leƙa cikin bututun a auna a nemi tsaga. Wadda ta faɗi a karɓe a yanka ta a gabansa, amma a rage masa asara, dan in ba haka ba ba wanda zai kawo ta biyu. Maƙerin da kayansa suka yi ta faɗuwa a janye izininsa, wanda nasa ke wucewa jama'a za su san shi da kansu. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana bin siminti da rodi da wayar wuta da tukunyar gas saboda suna iya kashe mutum, ban ga dalilin da zai sa wannan ya zama shi kaɗai ne ba mai dubawa ba.

Ku kuma 'yan jarida Malam Edita, in an kawo muku labarin bindiga ta fashe a hannun maharbi ko ta tashi da kanta ta sami wani a wajen biki, dan Allah kar a tsaya a kan tsautsayi ne an kai shi asibiti. A tura wakili ya tambaya ina ƙarfen yake, wa ya ƙera ko ina aka saya, an taɓa gyara ta, me aka ɗura mata. A tambayi asibitocin ƙananan hukumomi ko suna rubuta irin waɗannan raunukan daban da na harbin 'yan ta'adda, sannan a tambayi kwamishinan 'yan sanda maƙera nawa ne a jihar nan ke da izini a rubuce.

Na gode da wannan fili, Allah ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin ƙarfe,
daga cikin garin Bauchi